GASHIN AWAZAR RAGO A OBIN: ABINCIN DARE TSAKANIN MAGARIBA DA LISHA

A wannan fitowa za mu ɗan ajiye zancen makaranta da jarrabawa mu leƙa madafa, domin masu iya magana sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Abin da ya kawo maganar kuwa ba wani abu ba ne illa halin da abincin dare ya shiga a gidajenmu na zango, musamman a Ankara da Kumasi. Uwa ta fita kasuwa tun da sassafe, uba yana wurin aiki, kowa sai ya yi fama da cunkoson motoci kafin ya iso Nima ko Madina ko Ashaiman, sau da yawa ana kiran Magariba. A wannan lokaci babu mai ƙarfin hura gawayi ya ɗora sanwar tuwo. Sai a miƙa wa yara kuɗi a ce kowa ya je bakin titi ya sami abin da zai sa a cikinsa. Mu da muke tsayawa gaban allo muna ganin sakamakon abin da safe: yaro na gyangyaɗi, a tambaye shi abin da ya ci jiya da dare, ya ce biskit da lemon kwalba, sauran kuɗin kuma ya tafi wurin wasan kwamfuta.

Ga wani abin mamaki kuma. A gidaje da yawa akwai murhun gas mai obin a ƙasansa, wato tanderun zamani, wanda aka sayo cikin kayan ɗakin amarya. Amma in ka buɗe shi ba za ka tarar da komai ba sai tukwane da murafai da tsofaffin leda. Akwai matar da ta shekara goma da aure ba ta taɓa kunna nata ba, don tsoro ko don ba a taɓa nuna mata ba. To, wannan akwatin da muka mayar ma'ajiyar tarkace yana iya fid da mu kunyar abincin dare cikin abin da bai kai awa ɗaya ba, kuma shi ne muke so mu yi bayani a kai.

ME YA SA RAGO?

Duk wanda ya buɗe littafin girki na Turawa, ko ya nemi abincin dare mai sauƙi a wayarsa, abin da zai fara cin karo da shi shi ne yankan bayan alade da ake gasawa a obin. A Ingila da Amurka shi ne abincin ma'aikaci da ya dawo gida a gajiye, saboda yana da araha a can kuma yana nuna cikin minti ashirin. A nan gida ma maƙwabtanmu da yawa suna cin naman, ana gasa shi a wasu unguwannin Ankara, kuma ba mu da ta cewa a kan abincin kowa, tunda zaman lafiya da mutunta juna ya haɗa mu. Amma mu Musulmi Alƙur'ani ya haramta mana shi a wurare huɗu: cikin Baƙara, da Ma'ida, da An'am, da Nahli. Saboda haka sai mu ɗauki dabarar mu bar naman. Dabarar ba ta kowa ba ce, ta wuta ce da lokaci. Mu kuwa ga rago, ga bunsuru, kuma an ruwaito a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana son karfatar tunkiya.

Sai dai a nan ne muka fara yin tuntuɓe, kuma gara mu faɗa don kada wani ya maimaita. Ranar da muka fara gwadawa a gidanmu, sai muka bi littafin sau da ƙafa, muka canza naman kawai: minti ashirin a wuta mai ƙarfi. Da aka fito da shi, ƙamshi ya cika gida, yara suka zagaye tire. Da aka kai baki kuwa, sai ka ce fatar takalmi. Autanmu ya tauna ya tauna, ya ɗago kai ya ce, "Baba, wannan sai gobe zai haɗiyu." Ƙarshenta uwargida ta mayar da shi tukunya, aka ci abinci ƙarfe goma na dare.

Washegari muka kai ƙara wurin wani dattijon mahauci da muka daɗe muna ciniki da shi. Ya saurara, ya yi dariya har da riƙe ciki, sa'an nan ya ce, "Malam, ai kai ka yi wa kanka. Ka ce in ba ka nama, ba ka ce na gashi ba. Abin da na ba ka wuyan tsohon rago ne da ya sha tafiya daga arewa. Wannan na miya ne." Muka ce, "To Baba, yanzu mene ne abin yi?" Ya ce, "In za ka gasa, ka faɗa mini tun farko. Naman da ya yi aiki daban, wanda ya kwanta daban."

Maganar dattijon nan ita ce kan darasin. Dabbar da Turawa ke rubuta littafinsu a kanta ana yanka ta tana da wata shida ko ƙasa da haka, ta tashi a killace ba ta taɓa yin doguwar tafiya ba. Haka ma ɗan ragon da suke gasawa bai cika shekara ba. Namu ragunan kuwa, manyan nan masu dogayen ƙafafu da ake shigowa da su daga Burkina Faso da Nijar da Mali ta kan iyakar Paga, a sauke su a kasuwar Tulaku ta Ashaiman ko a Kumasi, dabbobin kiwon daji ne, sun yi shekaru suna yawon neman ciyawa. Duk tsokar da ta yi aiki tana tara jijiya, jijiya kuma ba ta narkewa a minti ashirin. Wuta mai ƙarfi ƙara ɗaure ta take yi. Abin da ke narkar da ita shi ne zafi matsakaici, da ɗan ruwa, da lokaci mai tsawo, har ta koma wannan danƙon mai daɗi da muke ji a farfesun ƙafar sa.

ABIN DA ZA A CE WA MAHAUCI

Alhamdu lillahi, a fannin nama mu 'yan zango ba baƙi ba ne. Tun zamanin fataucin goro, lokacin da Salaga ke cin kasuwarta, har bayan yaƙin 1892 da ya warwatsa fatake zuwa Kete Krachi da Kumasi da Ankara, fawa tana cikin sana'o'in da kakanninmu suka riƙe, kuma har yau in ka shiga rumfar nama a manyan kasuwanni Hausa za ka ji. Tsiren nan da duk ƙasar ke kira cicinga, hannunmu ne ya yaɗa shi. Saboda haka neman yankan da ya dace ba zai yi mana wuya ba, sai dai mu buɗe baki mu faɗi abin da muke so.

Yanka mafi dacewa da gashin gaggawa shi ne gadon baya da saman awaza, wato tsokar nan da ke kwance a gefen ƙashin baya, hagu da dama. Ita ce tsokar da ba ta cika aiki ba. A ce wa mahauci ya yanka ta a gicciye tare da ƙashinta, kowane yanka kaurin yatsa biyu, kimanin santimita 2 da rabi. A roƙe shi ya sa wuƙa tsakanin haƙarƙari kafin ya sara ƙashin, don kada ya farfasa shi ya cika naman da tsattsage. Yankan duka su zama kai ɗaya, domin in wani siriri ne wani kakkaura, kafin kakkauran ya nuna siririn ya ƙone. Kada a ce ya cire kitsen duka. A bar ɗan kaɗan a gefe, shi ke hana naman bushewa.

Wanda zai sayi dabba a tsaye kuwa, ya duba bakinta. Tunkiya tana fara sake haƙoran gaba biyu ne tsakanin shekara ɗaya da shekara ɗaya da rabi. In duk haƙoran ƙanana ne na nono, dabbar ƙarama ce, namanta zai yi laushi. In manyan haƙora sun jeru shida ko takwas, ta manyanta. A kan tebur kuma, naman ƙaramar dabba ja ne mai haske, na tsohuwa ya fi duhu. Ƙananan tumakin nan na kudu masu gajerun ƙafafu yankansu ƙanana ne, saboda haka sun fi saurin nuna.

Ga masu saye a kantin sanyi ko manyan shaguna, sai a yi hattara. A wasu wuraren injin ɗaya ne ke yanka kowane irin nama, wani lokaci firji ɗaya ake zuba su. Tambaya ba rashin kunya ba ce. In a cikin leda yake, a karanta abin da aka rubuta, a nemi shaidar halal, kuma a koya wa yara su gane kalmomin nan huɗu na Turanci: pork, ham, bacon da lard. Dukansu daga alade suke, na ƙarshen kitsensa ne. Sosej ma ba a saye shi da ka, sai an karanta.

KAYAN HAƊI

Ga iyali mai mutum shida, kilo 1 na awaza ya isa in za a haɗa da doya. Sai a tanadi gishiri ƙaramin cokali 2 a shafe, ɗanyar citta kamar girman babban yatsa, tafarnuwa ƙwaya 5, albasa babba 1, masoro rabin ƙaramin cokali, kimba 1, kanumfari ƙwaya 3, lemon tsami 1, da man gyaɗa babban cokali 3. Sai kuma yajin tsire, wanda za a ajiye gefe sai ƙarshe.

A wanke naman a cikin roba don fid da ƙura da ɓarɓashin ƙashi, ba a ƙarƙashin famfo yana fantsama ko'ina ba, sa'an nan a wanke robar da hannuwa da sabulu. Bayan haka a tsane naman sarai da tsabtataccen ƙyalle. Wannan tsanewa tana da muhimmanci, kuma ga dalili. Ruwa ba ya wuce digiri 100 komai wutar da aka ba shi, alhali jan nan da ƙamshin gashi ba sa samuwa sai bayan naman ya haura kimanin digiri 140. Wani masani Bafaranshe mai suna Maillard ne ya fara bayyana wannan a 1912. Muddin akwai ruwa a jikin naman, turara zai yi ta yi, ya fito fari fat kamar dafaffe. Masu tsire sun san wannan tun kafin a rubuta shi, shi ya sa ba ka ganin suna ɗora jiƙaƙƙen nama a wuta.

A daka citta da tafarnuwa da rabin albasar da sauran kayan ƙamshi, a zuba gishiri da mai da ruwan lemon tsami, a murtsuke naman da shi ciki da waje. In da hali a yi wannan tun da asuba kafin a fita, ko da dare kafin a kwanta, a rufe a sa a firji. Gishirin zai ratsa har ciki, citta kuma tana da wani sinadari da ke sassauta tsoka. Haka ma ɗanyar gwanda da ganyenta da iyayenmu ke naɗe nama da shi, amma ita tana da ƙarfi, in ta wuce awa ɗaya sai naman ya dagargaje. Wanda ba shi da firji, ko aka ɗauke wuta, kada ya bar ɗanyen nama ya yini a ɗaki. Ya saya da yamma a hanyarsa ta dawowa, ya shafa kayan haɗin, minti goma sha biyar ma sun wadatar.

YADDA AKE GASHIN

Da shigowa gida, kafin ma a tuɓe kayan aiki, a kunna obin a kan digiri 200. In na gas ne mai lambobi, lamba 6 ke nan. In kuma murhun ɗan Amurka ne mai manyan lambobi, a kai shi 400. A bar shi ya yi zafi na minti 15 da tiren a ciki, a fito da naman daga firji ya huce sanyi. Cikin wannan lokaci a fere doya, puna ta fi, a yanka ta dogo-dogo kaurin yatsa, a tsane ta, a shafa mata mai da ɗan gishiri. Doya ta fi nama daɗewa, tana bukatar minti 35 zuwa 40, saboda haka ita za a fara sawa. A jera ta a tire, a rufe obin, a je a yi sallar Magariba.

Bayan minti 15 sai a fito da tiren, a juya doyar a tura ta gefe, a jera naman. Kada a cunkusa. A bar tazarar yatsa tsakanin yanka da yanka, in ba haka ba ruwan da ke fita daga jikinsu zai taru su koma dahuwa. In tire ɗaya bai isa ba a yi biyu. A mayar, a ba shi minti 10, a juya kowane yanka, a watsa sauran albasar da aka yayyanka, a ƙara minti 10. Kada a riƙa buɗe ƙofa ana leƙe, domin duk buɗewa zafi ne ke tserewa.

Yajin tsire sai saura minti 3 a sauke ake barbaɗa shi, ko ma bayan an sauke. Dalili kuwa ƙuli-ƙulin da ke cikinsa yana saurin ƙonewa, in ya ƙone kuma ɗaci yake yi. Wannan shi ne kuskure na biyu da muka yi a gidanmu kafin mu gane.

Ta yaya za a san ya nuna? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a dafa nama har cikinsa ya kai digiri 70. Littattafan Amurka sukan ce 63 ya isa ga yankakken rago in an bar shi ya huta minti 3, amma su namansu daga mayanka sai firji. Namu kuwa yakan yini a kan tebur cikin zafi da ƙuda, saboda haka mu riƙi 70. Akwai ɗan ma'aunin zafi mai tsinke da ake sayarwa a shagunan kayan girki. A soka shi a tsakiyar tsoka, kada ya taɓa ƙashi. Wanda ba shi da shi ya tsaga yanka ɗaya kusa da ƙashi: in ruwan da ya fito garau ne babu ja, ya yi. In da sauran ja, a ƙara minti 5.

Da an sauke, a rufe shi da faranti a bar shi minti 5 kafin a taɓa. In an yanka shi nan take, romon zai kwarare a tire, naman ya bushe. Cikin waɗannan mintuna a yanka tumatir da albasa da kabeji, a ɗauko shito. Kafin ladan ya kira Lisha an sa hannu. Wanda ba ya son doya ya sa dankalin Hausa ko nunanniyar agada, ita minti 20 ta ishe ta, sai a sa ta tare da naman. Ko kuwa a sayo dokunu, ko a jiƙa gari, ko a ɗumama sauran shinkafa da waken safe.

IN NAMAN MAI TAURI NE

Ba kullum ake samun gadon baya ba, kuma karfata da wuya da ƙirji sun fi yawa a kan tebur. Su ma suna gasuwa, har ma sun fi ɗanɗano, sai dai hanyarsu daban. A jera su a tire mai zurfi bisa shimfiɗar albasa, a zuba ruwa rabin kofi, a rufe ruf da foyil ko murfin ƙarfe, a sa a digiri 160, wato lamba 3, na awa ɗaya da rabi zuwa awa biyu, har cokali mai yatsu ya shige ba gardama. Sa'an nan a buɗe, a ƙara wuta zuwa 220, lamba 7, na minti 10 don ya yi ja.

Mai karatu zai ce, ai wannan ba abincin ranar aiki ba ne. Gaskiya ne, amma ana raba aikin biyu. A yi doguwar dahuwar ranar Lahadi da ake gida, a bar shi ya huce, a sa a firji cikin mazubi mai murfi. Ranar Litinin ko Talata sai a ɗebo, a ba shi minti 15 a wuta mai ƙarfi har ya yi zafi ciki da waje. Kada ya wuce kwana 3 a firji. Wata hanyar kuma ita ce wadda iyayenmu mata suka saba: a tafasa naman da kayan ƙamshi har ya yi laushi, a tsame, a gasa. Romon kuma kada a zubar, a dafa shinkafa da shi. Wannan ita ce dabarar da ta fi dacewa da naman layya, wanda yawanci na manyan raguna ne.

Wanda ba shi da obin ma ba a bar shi a baya ba. Mata masu yin kek sun daɗe da sanin tanderun tukunya: a sami babbar tukunyar ƙarfe, a zuba yashi mai tsabta a gindinta kaurin yatsa biyu, a ɗora duwatsu uku ƙanana, a rufe a ɗora kan kurfoti ta yi zafi sosai. Sai a ɗora farantin naman a kan duwatsun, a rufe, a zuba garwashi a kan murfin. Zafi ta ƙasa, zafi ta sama, obin ke nan. Lokacin zai ɗan fi tsawo, sai a riƙa dubawa. Amma a yi shi a tsakar gida ko baranda. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fid da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum yana barci.

GAS BA ABOKIN WASA BA NE

Tsoron da matanmu ke yi wa obin ba na banza ba ne, amma maganinsa sani, ba gudu ba. Tun wajajen 1990 gwamnati ke kiran jama'a su koma girki da gas don a rage sare itatuwa, kuma tun 2015 masana'antar Atuabo ke sarrafa gas ɗin da ake haƙowa a tekunmu. Hayaƙin itace da gawayi shi ma ba ƙaramin mugu ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a duniya a 2020. Sai dai mutanen Madina ba za su manta da daren 7 ga Oktoba 2017 ba, lokacin da gidan sayar da gas na Atomic Junction ya yi bindiga, mutum bakwai suka rasu, da yawa suka jikkata. Abin da ya faru a babban wuri yana iya faruwa a ƙaramin ɗaki.

Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, saboda haka in ya zuba ba ya tashi sama, ƙasa yake kwanciya ya taru. Warin nan da muke ji da gangan aka sa masa don a gane yoyo. Tukunyar gas ta zauna a tsaye, a wurin da iska ke shiga, in da hali a waje, ba kusa da gado ba. A riƙa shafa ruwan sabulu a bakin tukunyar da mahaɗar tiyo; in ya yi kumfa, akwai yoyo. Kada a gwada da ashana, kada kuma a ɗora dutse a kan kan tukunyar don a danne shi, kamar yadda muke gani a wasu gidaje. In ya lalace a sake sabo, haka ma tiyon da ya tsattsage.

Wajen kunna obin, a buɗe ƙofarsa tukuna, a ƙyasta ashana, sa'an nan a murɗa gas. Wuta ce ke jiran gas, ba gas ke jiran wuta ba. In bai kama ba, ko ya mutu ana cikin gashi, a kashe, a bar ƙofar a buɗe minti 5 kafin a sake gwadawa, kuma kada a sa fuska a bakinsa. In aka shigo gida aka ji wari, kada a taɓa makunnin lantarki, a rufe tukunyar, a buɗe tagogi, kowa ya fita. Lambar 'yan kwana-kwana 192 ce, ko a kira 112. A rubuta su a bango inda yara za su gani.

KOMAI YA YI YAWA

Ba muna cewa a ci jan nama kullum ba ne. Aljihu ba zai ɗauka ba, jiki ma haka, ga hawan jini ya yi yawa a cikinmu. Sau ɗaya ko biyu a mako ya wadatar. Sauran ranaku a bi wannan hanya da kifi karfasa, wanda minti 20 zuwa 25 ya ishe shi, ko cinyoyin kaza, minti 40, amma kaza da zabo sai cikinsu ya kai digiri 74. Game da gishiri kuwa, bari mu yi ɗan lissafi irin na aji. Ƙaramin cokali 2 kimanin giram 10 zuwa 12 ne. In aka raba wa mutum shida, kowa ya sami giram 2 ko ƙasa da haka. Abin da masana lafiya suka yarda babba ya ci a yini duka bai kai giram 5 ba. Ka ga in aka ƙara dunƙulen magi uku a kai, ga na doya, ga na yaji, ga na shito, an ƙetare iyaka a zama ɗaya. Citta da tafarnuwa da masoro sun isa su ba da ɗanɗano. Abin da ya rage kuma kada ya wuce awa 2 a waje. Ko firji, ko a cinye.

Magana ta ƙarshe ga 'yan'uwanmu maza. Wannan girki babu tuƙi, babu kirɓi, babu tsayuwa gaban hayaƙi. Duk wanda ya iya duba agogo ya iya shi. In maigida ya riga uwargida isowa, babu abin da zai rage masa in ya kunna obin ya jera doya, kuma Nana A'isha ta ba da labarin cewa Manzon Allah yakan taya iyalinsa aikin gida. Mu da muke alfahari da cewa duk mai tsiren kirki a garin nan namiji ne, bai kamata mu shiga gida mu ce ba mu san yadda ake juya nama ba. Samarinmu ma a koya musu, domin gobe za su tafi makarantar kwana ko jami'a a garin da babu zango, inda ba kowane nama za su iya saye a bakin titi ba. Yaron da ya iya zaɓen namansa ya gasa abinsa ya huta da zullumi.

A gidanmu yanzu ranar Laraba ce ranar awaza. Yara sun san haka, kuma ba a taɓa neman kowa a waje ba in Magariba ta yi. A kan tabarmar nan ne muke jin wanda malami ya yaba wa da wanda ya ɓatar da littafinsa, abin da ba za mu taɓa ji ba in kowa ya ci nasa a tsaye a bakin kwata. Hajiya, a fid da tukwanen nan daga obin, a goge shi, a duba tiyo, a gwada a wannan mako. Wanda nasa ya yi tauri kada ya yi fushi, namu ma haka ya fara. Ya koma wurin mahaucinsa su sake shawara. Allah Ya sa albarka a abin da muke ci, Ya tsare mu da iyalanmu daga gobara. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.